Ki Faɗa Musu Batun Rakiya

Birnin Gwari,
ranar Lahadi, ƙarshen damina.

Zuwa ga 'yata Hauwa'u, Uwata ta kaina,

Da sunan Allah nake farawa, Mai tsare matafiyi da wanda aka bari a gida. Ina gaishe ki da aiki, da gajiyar asibiti, da zaman Zariya. Innarki tana gaisuwa. Tun da ta ji labarin tafiyar nan take dakan yaji, wai abincin Kudu ba zai karɓe ki ba. Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, Ya kiyaye ki a hanya da masauki, Ya dawo mana da ke da farin labari, amin.

Bayan haka, takardarki ta iso ta hannun direban nan mai kawo kananzir. Na karanta, na sake karantawa, sannan na kira innarki na karanta mata da ƙarfi har karkataccen bakin nan nawa ya gaji. Uwata! Ibadan! Badun ɗin da muke jin labari muna yara! 'Yar tsohon malamin daji za ta tsaya gaban taron likitoci ta faɗa musu abin da aka gano! Wallahi na manta ina da ƙafar da ba ta jin magana, na yunƙura zan miƙe, da ƙyar innarki ta tare ni. Ita kuwa ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu. Na ce musu, "Ni ne na haihu. Yau na tabbata."

Amma da na juya bayan takardar sai murna ta koma ciki. Kin ce kina tunanin roƙon Dakta, likitan da kike aiki a ƙarƙashinsa, ya karanta bayanin a madadinki, ke ki zauna cikin masu sauraro. Kin ce sakamakon bai fito yadda kuka so ba, kina jin nauyi. Kin ce idan taron bai gamsu ba za a tsayar da aikin ziyarar gidaje, ma'aikatanku su koma cikin asibiti. Sannan can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, kika taɓo batun rakiya, kika ce maganar ƙauye ce, ba za ki kai ta gaban manya ba. Saboda wannan na ɗauki alƙalami. Allah da Ya karɓe mini hannun hagu Ya bar mini na dama, kuma abin da harshena ba ya iya jerawa yanzu, alƙalami zai jera shi.

Bari in maimaita aikin naku yadda na fahimce shi, ki ga ko tsohon kan nan yana ja har yanzu. Kun tara mutanen da suka samu shanyewar ɓarin jiki irin tawa, kuka raba su gida biyu da ƙuri'a don kada a ce an yi zaɓe. Kashi ɗaya aka yi musu nasiha a asibiti cewa su riƙa fita suna taka ƙafa, aka sallame su. Ɗaya kashin kuwa ma'aikatanku suka riƙa bin su gida suna fita da su waje. Da wa'adi ya cika kuka duba, kuka ga waɗanda ake ziyarta sun fi fita. Amma da kuka tambayi kowa ko zaman duniya ya ƙara masa daɗi, sai duka ɓangarorin suka ba ku amsa iri ɗaya. Haka ne ko? Ni kuma ba ku sa ni a ciki ba, wai don ni ubanki ne, kada a ce an yi son kai. Ba komai. Ba yau aka fara barin sunana a waje ba.

To, ki saurara. Ba ni da dukiyar da zan ba ki guzuri. Kurakurai nake da su, su kuwa masu kyau ne, na biya su da tsada.

Shekarun farko bayan samun mulkin kai, aka ce za a faɗaɗa gandun daji ta wajen Dogon Dawa, aka tura ni in bi sabuwar iyaka. Na bi ta da ƙafa, ni da Ɗanladi, mai gadin dajin nan da yake kawo miki zuma kina ƙarama. Muka tarar iyakar za ta haɗiye wata fadama inda wasu gidajen Gwarawa suke noman shinkafa da rake, har da kushewun kakanninsu a gindin wasu itatuwan doka. Na dawo na zauna na rubuta komai da Turancin da na sha bulala kafin in koya a makarantar Midil. Na zana taswira, na nuna inda za a ɗan karkatar da layin kowa ya huta. Ranar da manya suka zo sauraron bayani, sai wanda yake sama da ni ya ce, "Malam Isiyaku, kawo takardar, ni zan karanta. Ka san manya ba sa son dogon zance." Na miƙa masa da hannu biyu, har da rusunawa, na koma baya na tsaya.

Ba mugu ba ne, Uwata, kada ki ɗauke shi haka. Bai dai taɓa taka fadamar nan ba. Da ya iso wurin sai ya ga 'yan layuka ne a takarda, ga rana ta yi, ga manya na duban agogo, ya tsallake. Ina ji ina gani na bar shi ya wuce. Aka yi tafi, aka tashi cin abinci. Kafin wata damina an kafa duwatsun iyaka a tsakiyar shinkafar mutane. Shi ya samu ƙarin girma ya yi gaba. Ni na ci gaba da bin daji, tsando na cizona, ina shan zagi a bakin mutanen da na yi niyyar taimaka wa.

Dakta mutumin kirki ne, na gani ranar da ya duba ni. Amma shi bai tuɓe takalmi a zauren kowa ba. Bai zauna a kan tabarma ya jira tsoho ya gama fushi ba. Ke kika yi wannan. Idan lokaci ya ƙure masa a kan mumbari, abin da bai gani da idonsa ba shi zai fara tsallakewa, kuma ba zai ma san ya tsallake komai ba. Kada ki bari wani ya ari bakinki ya ci miki albasa. Ki gode masa, ki ambaci sunansa da girmamawa, sannan ki tashi ki yi maganarki.

Na san abin da yake tsorata ki, don ni ma na taɓa tsayawa gaban jama'a a Badun, lokacin da aka tura mu kwas na aikin daji. Aka ce kowa ya yi bayanin dajin ƙasarsu. Na tsaya a kan ƙamus ina tsinto kalmomi masu nauyi, don kada 'yan Kudu su ce ɗan Arewa bai iya ba. Na zuba musu su kamar mai sauke duwatsu daga tifa. Da na gama kowa ya dubi na kusa da shi. Wani Bayarabe abokin zamana ya ja ni gefe ya ce, "Malam, wai me kake son ka ce?" Na ce, "Wuta tana cin dajinmu da rani saboda masu farauta." Ya ce, "To me ya hana ka faɗi haka?" Har yau in na tuna sai kunnena ya yi zafi. Saboda haka ki yi musu magana kamar yadda kike yi wa majinyaci bayani. Za su ga gyalenki, su ji harshenki, wasu su fara duban silin. Ƙyale su. Ki ci abinci kafin ki shiga, ki ajiye ruwa kusa, ki nemi tsohon da ya fi kowa gyangyaɗi a layin gaba ki yi da shi. In kika tashe shi, kin tashi kowa.

Yanzu batun sakamakon da kike jin nauyinsa. A nan ma na riga ki faɗawa ramin. An taɓa aiko mana da wasu 'ya'yan itatuwa daga Kudu a dasa ta gefen Damari. Muka dasa, gara ta yi musu sallama, kafin rani ya ƙare yawancinsu sun zama sanduna. Da aka tambaya, na ji tsoron a ce malamin daji bai iya aikinsa ba, na ce sun kama. Me ya biyo baya? Da shekara ta zagayo aka aiko da ninkinsu, tunda ai sun kama. Na tsaya ina kallon leburori suna haƙa ramuka cikin rana, suna shuka wa gara abinci, ni kaɗai na san haka. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin ya ƙure wasu ne suke zubar da gumi a ciki.

Don haka ki faɗa musu kai tsaye, tun da wuri, kafin wani mai tabarau ya ɗaga hannu ya tono shi da kansa. Ki ce, mun tambaye su ko zaman duniya ya ƙara daɗi, ba mu ga bambanci ba. Kada ki shafa masa mai. Wanda ya faɗi inda aikinsa ya gaza, an fi yarda da shi idan ya zo faɗin inda ya yi kyau.

Bayan kin faɗi wannan, sai ki gaya musu wace irin tambaya kuka yi, da kuma wa kuka yi wa ita. Uwata, kin manta lokacin da kika zo ina kwance, ba na iya ɗaure wandona, miyau na zuba ban sani ba? Kika durƙusa kika ce, "Baba, yaya jiki?" Me na ce miki? "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ranar nan kuwa da za a ba ni zaɓi, da na zaɓi likkafani. Mutumin ƙasar nan ko ana yi masa wankan gawa, in ya samu baki zai ce da sauƙi. Ba ƙarya yake yi ba, ladabi ne ga Allah da ga mai tambaya. Ku kuma kuka aiki yaranku da fararen kaya su yi wa dattawa wannan tambayar, suka amsa muku yadda iyayensu suka koya musu, na wannan kashin da na wancan. In kuna son ku ji gaskiya, ku tambayi mutum, ka samu Juma'ar da ta wuce? Da aka yi rasuwa a gidan wane, ka je gaisuwa? Bana ka ga gonarka da idonka, ko labari ake kawo maka? Waɗannan ba a amsa su da "da sauƙi". Ko dai ya je ko bai je ba.

Sai dai kada ki mai da wannan mafaka. Mai yiwuwa ko da kun gyara tambayar ku sake samun amsar nan, domin fita waje ba ta mayar wa mutum hannunsa. Ga ni nan, ina fita yanzu, kuma har gobe ni ne mai ɗacin ran da kika sani. Ki ce musu ba ku sani ba tukuna. Ban taɓa jin wani babba a ƙasar nan ya ce "ban sani ba". In kika faɗa, ke ce ta fari, za su tuna da ke.

To, ga kuskuren da ya fi su duka, kuma shi ne ya hana ni zama tun da takardarki ta zo.

Kin san yadda ciwon ya same ni, ina alwalar la'asar buta ta suɓuce, na bi ta. Kin san abin da gari ya ce, wai iskar wata tsohuwar kuka da na sa aka sare ce ta buge ni. Ni da na yi boko na san hawan jini ne, amma sanin bai hana ni jin kunya ba. Mutumin da ya taka dajin nan gabas da yamma, ya bi sawun ɓauna da gwanki, yau ga shi yana jan ƙafa kamar mai sharar ƙasa. Na shige ɗaka na ja labule. Duk wanda ya yi sallama, sai in ce wa innarki, "Ce musu ina barci." Ta yi ta faɗa, tana faɗa tana jin ciwo, har mutane suka gaji suka rage zuwa. Sannan na koma ina cewa duniya ta gudu ta bar ni, alhali ni na kore ta. Wannan kuskuren ya ci mini lokacin da ƙafar take da sauran neman hanya, ba kuma zai dawo ba.

Kin tuna da kika zo hutu da sandar nan mai roba a gindi? Kika ce, "Baba, tashi mu fita mu ɗan taka." Na daka miki tsawa na ce, "Ni akuya ce da za a fitar kiwo?" Kika fita da hawaye. Ban taɓa gaya miki dalili ba, yau zan gaya miki, domin shi ne abin da likitocin Badun ba su da shi a littattafansu.

A garin nan magidanci ba ya fita ba tare da wurin zuwa ba. Turawa suna da wani abu wai shan iska. Mun sha ganin Di'o, Baturen mulki, yana yi da yamma, shi da karensa, ya je ba ko'ina ya dawo, mu kuwa muna ƙunshe dariya. Amma ni, da na sa ƙafa a ƙofar gida, mutum na farko zai ce, "Malam, ina zuwa?" Na biyu ma haka, na uku ma haka. Gaisuwa ce, ba sa nufin komai. To me zan ce? In ce ba ko'ina? In ce 'yata ce ta fito da ni in koyi tafiya? Kafin magariba labari ya gama gari cewa ciwon Malam Isiyaku ya taɓa kai. Ba faɗuwa nake tsoro ba, Uwata. Tambayar nan nake tsoro.

Ana nan, wata ranar kasuwa Ɗanladi ya zo daga Dogon Dawa. Innarki ta ce masa ina barci. Na ji shi daga ɗaka yana cewa, "Madalla, barci magani ne. Zan jira ya farka." Ya baje a zaure, ya ɓare gyaɗarsa, ya kama rera waƙar cocinsu da muryar nan tasa mai kama da ta jaki mai mura. Ya gama ya sake ɗauko ta daga farko. Da na ga zai kashe ni kafin ciwon ya kashe ni, na ce a shigo da shi.

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "A'a, Malam, ashe da ranka! A can ƙauye har mun fara rabon gadonka. Ni kekenka na ɗauka."

Na ce, "Tsohon banza, ko a mafarki ba ka iya hawan keke ba."

Ya ce, "Kai ma yanzu ai mun zama ɗaya."

Innarki ta riƙe baki, tana jiran in fashe. Sai na ji dariya ta kuɓuce mini ta gefe ɗaya na baki. Muka yi hira har rana ta karkata, bai tambaye ni yaya jiki ba ko sau ɗaya. Da ya tashi tafiya ya ɗauki jakarsa, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya yana dubana.

Na ce, "To, sauka lafiya. Gai da gida."

Ya ce, "Shi ke nan? Malam, a garinku ba a rakiya? Mu da kuke cewa mutanen daji ne, ko kare ya kawo mana ziyara sai mun taka masa zuwa bakin hanya."

Wallahi zuciya ce ta ɗaga ni, ba ƙafa ba. A ce baƙo ya taso tun daga Dogon Dawa ya fita daga gidana shi kaɗai, ya je ya ba da labari? Na fizgi sandarki da take jingine tun ranar da kika bar ta. Na kai zaure ina haki. Ya ce, "Nan za ka tsaya? Da can har gindin tsamiya kake kai ni. Ko girman nawa ne ya ragu?" Bai miƙo hannu ya riƙe ni ba, gaba ya yi yana surutunsa, yana rage sauri kamar mai duban wani abu a ƙasa. Muka fita. Hasken rana ya kashe mini ido. Sai ga wanzamin unguwarmu da zabirarsa a kafaɗa. Ya ce, "A'a! Malam! Ina zuwa?"

Ban yi tunani ba, amsar ta fito da kanta. Na ce, "Rakiya na yi."

Ya ce, "To madalla, a dawo lafiya," ya wuce abinsa.

Shi ke nan fa, Uwata! Shi ke nan! Abin da na ɓuya dominsa duk tsawon lokacin nan, ga shi ya zo ya wuce kamar an kori ƙuda. Bai dubi ƙafata ba. Ya ga mai gida yana sauke haƙƙin baƙonsa, abin da kowa ya sani, abin da ba a tambayar dalilinsa. Tun daga ranar na hana innarki cewa ina barci. Duk wanda ya zo, ko bashin gaisuwa ya kawo ko neman aron gatari, sai na taka masa. Har wasu sun fara cewa, "Malam, koma haka nan, ka huta," ina cewa, "Kai dai mu je."

Yanzu ki duba abin da kika rubuto da ƙananan baƙaƙe. Kin ce ma'aikatanku sun lura dattawa da yawa suna noƙewa idan an ce su tashi a je tafiyar da aka tsara, amma da ma'aikaci ya yi sallama zai tafi, sai tsoho ya jawo sanda ya bi shi, wani har bakin titi. Kika ce wannan ba ya cikin abin da kuka shirya aunawa, don haka ba shi da wuri a taron. Haba Uwata! Kin tsinci zuma a kogon itace kina cewa ba ita aka aike ki nema ba? Da na karanta wurin nan na buga sanda a ƙasa har kaji suka watse. Ashe ba ni kaɗai ba ne! Ashe duk zaurukan nan cike suke da irina, kowa yana jiran a ba shi abin da zai ce wa wanzami!

Ban ce ki kai musu shi a matsayin abin da kuka tabbatar ba. Na yi makaranta, na san bambancin abin da aka auna da abin da aka gani. Ki ce musu, wannan ba mu auna shi ba, amma mun gan shi a gida bayan gida, kuma muna roƙon a bar mu mu gwada shi yadda ya kamata. Ma'aikaci ya je a matsayin baƙo, ya zauna, ya sha ruwa, ya yi hira, sannan ya tashi ya bari a raka shi. A gaya wa dangi da abokai su riƙa zuwa, kuma kada su ce wa mai gida "yi zamanka". Ki tuna da mata kuma, domin rakiyar mace a bakin zaure take ƙarewa. Su sai a nemo musu nasu dalilin, barka da suna da gaisuwar rasuwa, ke kin fi ni sanin wannan. In akwai abin da zai sa taron nan ya ce a ci gaba da ziyarar gidaje, to wannan ne. In kika bar shi a jaka, aka tsayar da aikin, dattawan nan za su koma bayan labule, matansu su koma cewa suna barci.

Na san akwai kunya. Za ki ce ta yaya za ki tsaya gaban baƙi ki yi zancen ubanki da jan ƙafarsa. Na ɗauke miki wannan nauyin. Ki faɗi labarina in ya yi miki amfani, da akuyar, da wanzamin, da Ɗanladi da waƙarsa. In sun yi dariya, su yi. Na yi shekaru ina rubuta bayanan da ba wanda ya karanta. In wannan guda ɗaya ya shiga kunnen likitoci, ko da dariya ya shiga, na ci riba.

Saura magana ɗaya. Kin ce da motar asibiti za ku tafi, kuma hanyar Badun ta nan ta bi. Na san direbobi, ba mai wuce Birnin Gwari bai tsaya a tasha ya ci doya ya duba ruwan mota ba. Rakiyata har yau ba ta wuce gindin tsamiya ba. Tasha kuwa tana can gaba da kasuwa, sai an bi ta gaban ofis, inda yaran da na koya wa riƙon kamfas suke zaune a kan kujeru suna kaɗa ƙafa. Tun da na kwanta ban bi ta wurin ba, kuma ba zan ɓoye miki ba, ina tsoron idonsu. Amma na yi niyya. Zan fito da wuri, in tafi a hankali, in huta inda na gaji. In kin hango ni kada ki sauko da gudu ki riƙe ni, ki tsaya inda kike in iso da kaina. Duk wanda ya ce, "Malam, ina zuwa?" zan tsaya in gyara tsayuwa in ba shi amsa da ƙarfi yadda na ofis za su ji: 'yata zan raka, za ta Badun ta yi wa likitoci bayani.

Sai dai ba zan faɗi abin da ba haka yake ba, na daina wannan. Saboda haka ki ba direban kananzir amsa kafin ranar. In Dakta ne zai yi magana, ba laifi, ke 'yata ce duk da haka, zan zauna a zaure in yi miki addu'a, motarku ta wuce lafiya. In kuwa ke ce za ki tashi, da bakinki, har da batun rakiya, to ki duba gefen masu doya, za ki gan ni.

Allah Ya tsare ki daga sharrin hanya, da sharrin ƙarfe, da gadojin da ruwa ya ci. Ya kwance miki harshe, Ya sanyaya miki zuciya, Ya sa ki fi ubanki ƙarfin hali a ranar da ake bukatarsa. Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya. Ki gai da Dakta, ki ce na gode da riƙon da yake yi miki.

Ki yi saurin aiko da amsar. Na riga na sa innarki ta wanke babbar rigata ta kai wa mai bugu, kada ki sa baiwar Allah ta yi wahalar banza.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Isiyaku, tsohon malamin daji.